Ranar Da Ruwan Tukunya Ya Fito Garau

Na ji ku jiya a bakin shago kuna dariya, wai ɗumama gida aikin malalata ne: a kunna wuta, a murɗa famfo, a koma a sha shayi. Kallon kitse kuke yi wa rogo. Ku da kuke liƙa ɗan akwatin gas a bango, ku danna maɓalli ya yi ƙyas, ku karkaɗe hannu ku tafi, ba ku san abin da ake nufi da riƙon tukunyar ɗumama gida ba. Ni na riƙe ta shekara goma sha ɗaya a Tamanrasat ta Aljeriya. Guda ɗaya ce ta fashe a hannuna, amma da ran mutum a jikinta, kuma ita ta fitar da ni daga sana'ar. Tunda kun zauna, ku saurara.

Ni ɗan maƙera ne daga Damagaram, Lawali sunana. Na hau kamyo, babbar motar kaya, na yi arewa ina da shekara ashirin da biyar, lokacin Faransa na nan da ƙarfinta. Haƙar ramin bututu na fara. Mai aikin wani Bature ne mutumin Oran, gajere, mai yawan tsaki, muna ce masa Mushe Anto. Ya ga yadda nake riƙe guduma, ya ce in ajiye diga in bi shi. Shekara shida ina ɗaukar masa jakar kaya, ban taɓa jin ya ce aiki ya yi kyau ba. In ya yi shiru ya kunna taba, to, ya yi.

Wanda bai zauna can ba, da ya ji an ce Sahara sai ya zaci zafi. Garin bisa tudu yake, duwatsu sun kewaye shi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ruwan da aka manta a ƙwarya a tsakar gida, da safe ɓawon ƙanƙara ake tararwa a kansa. Mu talakawa bargo da garwashi muka sani. Manyan Turawa kuwa, su kumandan da likita, ruwan zafi ne ke ɗumama musu ɗakuna.

Ga yadda abin yake. Jikin gidan ta baya akwai ɗan ɗaki da ake sauka matakala uku, nan tukunyar take. Baƙin ƙarfe ne na zubi, yanki bakwai aka jera aka ɗaure, ruwa a cikin jikin ƙarfen, wuta a tsakiya. Man mazut ke ɗiga cikin kasko ɗigo-ɗigo, ana kunna shi da tsumma a bakin waya. Daga kan tukunya babban bututu ya hau rufi, ya rarrabu ya sauka ɗaki-ɗaki, ya shiga ƙarfen da ke jingine da bango. Turawa na kiran wannan ƙarfen radiyater, mu kuwa haƙarƙari muke ce masa, don ya yi kama da na raƙumi. Babu inji, babu lantarki. Ruwan da kansa yake tafiya: ya yi zafi ya hau, ya huce ya sauko ya koma tukunya. Bisa soro akwai ƙaramin tanki buɗaɗɗe, ta nan ake ƙari in ruwa ya ragu. A gaban tukunyar allura biyu ce, ɗaya ta zafi, ɗaya ta tsayin ruwa, kuma su nake fara dubawa kafin in gaida masu gida.

Kayan aikin ba su da yawa. Kile, wato sifana mai haƙora, guda biyu, zaren rama na naɗe bakin bututu, burushin waya na sharar baƙin hayaƙi, alli, sai wani ɗan mabuɗin tagulla da bai fi ƙwallon dabino ba, na fitar da iska. Amma babban kayan aikin bayan hannunka ne. Ka shafa haƙarƙari daga sama zuwa ƙasa. Sama sanyi ƙasa ɗumi, iska ce ta taru. Duka sanyi, wani ɗaki na gaba ya cinye masa rabo.

Aikin farko da na yi da hannuna a gidan likitan soja ne. Ɗakin matarsa ya ƙi ɗumi, haƙarƙarin yana ta gurgur. Mushe Anto ya miƙo mini mabuɗin ya koma gefe. Na sa a ɗan bakin da ke can sama, na murɗa rabi, iska ta yi ta huci, sai ga ruwa ya biyo ta ya fesa mini a riga. Baƙi wuluk, yana warin tsatsa da ruɓaɓɓen ƙwai. Na ce ruwan nan ya lalace, a zubar a zuba sabo. Ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

"Wannan ruwa ya mutu," in ji shi, da guntuwar Hausar da ya tsinta a bakin leburori. "Shi ya sa yana da kyau. Ruwa mai rai shi ke kashe tukunya."

Ya ja ni madafa, ya ɗauko butar shayin kuku, ya nuna mini gindinta daga ciki. Farin dutse ya kama ta. Ruwan rijiyoyin garin haka yake, yana ɗauke da farar ƙasa, da ya ji wuta sai ya sauke kayansa a inda ya fi zafi. Tsohon ruwan da ke zagaye cikin bututu ya riga ya sauke nasa tuntuni. Kowane sabon bokiti kuwa da nasa kayan yake zuwa. In dutsen ya yi kauri a cikin tukunya, ruwa ya daina taɓa ƙarfe, ƙarfe ya yi ja, ya tsage. Daga ranar na riƙe dokar farko: baƙin ruwa shi ne lafiya, kuma ba a ƙari sai dole.

Daidaita ɗakuna shi ke haɗa mu faɗa da masu gida. Ruwa malalaci ne, hanya mafi kusa yake bi. In ka buɗe kowane famfo har ƙarshe, falon da ke kusa da tukunya ya zama tanderu, ɗakin ƙarshe ya zama randa. Sai ka matse na kusa, ka saki na nesa, ka jira, ka zagaya da bayan hannu, ka sake matsewa kaɗan. Gida mai haƙarƙari tara yakan ci mini yini biyu. In na gama in ja alli a kan kowane famfo. Matar kumandan ba ta taɓa barin allin nan ya kwana uku ba. Ta ji sanyi ta buɗe na falo duka, ɗakin 'ya'yanta ya huce, ta aiko a kira ni wai na ɓata mata gida. Ko ta sa a ƙara wuta har allura ta doshi tasa'in, tanki ya yi ta amai bisa soro. Sittin zuwa saba'in, nan tukunya take jin daɗi.

Da aka sami 'yancin kai, Mushe Anto ya bar mini jakar kayan ya ce, "Tukwane goma sha ɗaya ne. Kada ka ba su sabon ruwa." Ko hannu bai ba ni ba, ya tafi. Na ɗauka arziki ya zo, ni kaɗai a gari da sanin tukunya. Ashe jinya aka bar mini a garin da ba magani. Wani ma'aikacin buro, wato ofis, ya zubar da ruwan tasa da bazara ya shayar da awaki, sanyi ya zo ya kunna ta a bushe. Wani ya ciro haƙarƙarin gidansa kaf ya sayar wa maƙera. Wani ya mai da ɗakin tukunya akurkin kaji. Cikin shekara uku, uku suka rage: biyu a gidajen wasu Larabawan arewa, ɗaya a tsohon gidan likita, wanda Alhaji Isufu ya karɓa.

Alhaji Isufu ɗan garinmu ne, mai babban shago a kasuwa, yana kawo lalle da tumaki daga kudu ya mai da dabino. Ba don alfahari ya karɓi gidan ba. Mahaifinsa Malam Habu ya tsufa, matarsa ta rasu, ba shi da wani ɗa, ga ciwon ƙirji. Alhaji ya ɗauko shi ya kawo shi kusa da asibiti. Likita ya ce tsohon nan hayaƙi ba nasa ba ne, sanyi ma ba nasa ba ne, ɗayan biyun in ya kama shi da kyau ba zai ga bazara ba. Wato garwashi ya haramta a ɗakinsa, sai ɗumin ruwa. Ranar da Alhaji ya ɗauke ni, a gaban tukunyar ya tsaya ya ce, "Lawali, ba ƙarhe na ba ka ba, tsohona na ba ka."

Ɗakin Malam shi ne na ƙarshe, can ƙuryar gida, nesa da hayaniyar yara da idon surukarsa Hajiya, wadda ko sunansa ba ta faɗa, shi ma ba ya haɗa ido da ita. Ɗakin ƙarshe kuwa shi ke tara iska, kullum sai na fitar. Malam ya yi limanci shekara arba'in, mutum ne mai son sanin abu, yana zaune bisa buzu yana kallon hannuna yana tambaya. Rannan na ce bari in sauƙaƙa wa kaina. Na ɗaure mabuɗi na biyu da zare a jikin haƙarƙarin, na nuna masa: in ya ji gurgur ya murɗa rabi, da ya ga ɗigon ruwa ya rufe. Kuskurena na fari ke nan, kuma har yaba wa kaina na yi.

Ba a jima ba allurar ruwa ta fara sauka. Kowace safiya in tarar ta faɗi kaɗan, in hau soro da bokiti in cika, raina a ɓace. Na bi kowace mahaɗa da busasshiyar takarda ina neman yoyo. Na shiga ƙarƙashin rufi da rarrafe, na ɗaga tabarmi. Ko danshi babu. Na san ruwa ba ya tsami banza, amma mako biyu na rasa ta inda yake bi.

Rannan da hantsi na shiga ɗakin Malam, ya fita kewaye. Na murɗa mabuɗi in fitar da iska, na tara hannu ina jiran baƙin nan. Ruwa ya fito garau. Na ɗaga tafina wajen taga, ba launi, ba wari, sai ka sha. Na duba ƙasa, ga zoben gindin buta a kan siminti. Bayan ƙofa kuma ga wando biyu a shanye, an lulluɓe su da mayafi.

Malam ya shigo yana dogara sanda, ya gan ni da ruwa a hannu. Ya tura ƙofa ya rufe, ya zauna.

"Allah gafarta Malam, ruwan nan ɗiba ake yi?"

"Ni ke ɗiba."

"Ai baƙi ne, ba ya alwala."

"Da baƙi ne. Kwana tara ina zubarwa ta taga, buta-buta, har ya washe. Na zaci gyara na yi maka."

Na yi masa bayanin dutse da ƙarfe yadda aka yi mini. Ya saurara har na gama yana shafa gemu. Sannan ya yi magana, idonsa a kan buzu.

"Ɗana, bawali ne ba ya riƙuwa. Tun bara. Sau shida, sau bakwai a yini. Na san sassaucin da shari'a ta yi wa mai irin lalurata, ni na karantar da shi. Amma sanin hukunci daban, zama da wari a gidan ɗanka daban. In ce matar Isufu ta riƙa ɗora mini ruwa sau bakwai? Ta tambayi na mi? Ruwan sanyi kuwa in na taɓa shi, tari har la'asar." Ya kwance zaren da hannunsa ya miƙo mini mabuɗin. "Ungo abinka. Amma kada Isufu ya ji. Ka yi mini alkawari."

Na yi masa. Ku da kuke dariya, da ku ne a wurin da kun yi.

Na nemi dabara. Resho ba ya yiwuwa, warin kananzir na tayar masa da tari, hannunsa kuma na rawa. In ja masa famfon ruwan zafi daban, sai an sayi tanki da bututu, Alhaji zai tambayi dalili. Sai na samo gwangwanin mai biyu na wanke, iyakar abin da kan haƙarƙarin ke ɗauka ke nan, ina cika su da ruwa safe da la'asar in ɗora su ɗumama masa. Hajiya ta aiko a tambaye ni na mene ne, na ce tururi ne don ƙirjin Malam, Turawa ma haka suke yi, kuma ban yi ƙarya ba. Kwana goma allura ta tsaya cak.

Ran sha ɗaya aka yi sanyin da ya daskarar da gefen tankin soro. Na zo bayan fitowar rana na tarar da Malam zaune a ƙasa, ya rungume haƙarƙarin, leɓensa ya yi baƙi, haƙoransa na haɗuwa. Gwangwanayen sun ƙare tun kafin asuba. Ya yi tsarki da wanki da ruwan randa, ya mai da wandon a jiƙe don sauran ba su bushe ba, ya yi salla a haka. Ruwan zafi na gudana cikin ƙarfen da ya rungume, mabuɗin kuwa yana aljihuna.

Bai roƙa ba. Na ciro mabuɗin na sa masa a tafi, na rufe yatsunsa a kai. Na san abin da nake yi sarai, kada wani ya yi mini uzurin rashin sani. Na zaɓi tsohon ya wuni da tsarkinsa yau, tukunya ta mutu gobe, ina fatan goben ta yi nisa.

Daga nan na shiga yaƙi da dutse. Na yanka tanon mai, wato duro, gida biyu, na kafa rabin bisa duwatsu uku a lungun ɗakin tukunya. Kullum in tafasa ruwan rijiya da itace, in bar shi ya kwana farar ƙasar ta kwanta, in kwashi na sama in hau soro da shi, bokiti biyu kowace rana. Yana ragewa, ba ya hanawa. Kafin sanyin shekarar ya fita tukunya ta fara magana: in wuta ta kama sosai sai ka ji ƙas-ƙas a cikinta kamar ana suyar gyaɗa da yashi. Da bazara na cika ta da ruwan tsamin dabino na bar shi mako guda. Laka ta fito, dutsen bai motsa ba.

Na sami Alhaji a shago na ce tukunya ba ta da lafiya, a aiko da sabon yanki daga Alje, babban birnin ƙasar, tun kafin sanyi.

"Mi ya same ta?"

"Dutse ne, Alhaji. Ruwan garin nan."

"Ruwan da ta sha shekara goma a hannun Nasara ba ta yi dutse ba?" Ya tsura mini ido. "An ce mini kullum kana dahuwar ruwa kamar gidan mai jego. Mi ke nan?"

Maganar ta zo mini har maƙogwaro na haɗiye, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na ce dabarar aiki ce. Ya yi wa wani direba magana, direban ya je ya dawo ya ce masu sayar da irin tukunyar sun rufe sun koma ƙasarsu.

Da kaka aka ce sojan Faransa da suka rage a sansanin In Ekker na kwashe kaya za su tashi. Na san akwai irinta sak a gidan cin abincin hafsoshinsu, don ni na riƙe wa Mushe Anto kile ranar da aka kafa ta. Na hau bayan kamyo na je. Na tsaya a bakin waya tun hantsi har azahar kafin wani soja ya fito. Ya nuna mini sabon tudun ƙasa da katafila ta tara, ya ce duk ƙarfen wurin na ƙarƙashi, umarni ne, ko ƙusa ba ta fita. Ya ba ni gwangwanin kifi ɗaya, da shi na komo.

Sanyin da ya biyo shi ne mugun. Shekara biyu ba a yi ruwa a duwatsu ba, rijiya ta ja baya, ruwan ya koma ɗaci-ɗaci. Buzayen da ke kawo itace bisa jakai daga wajen Tahifet suka daina zuwa, jakan sun mutu. Wata rana in sami kashin raƙumi in tafasa ruwa, wata rana in hau soro da ɗanyen ruwa ina istigfari. Lalurar Malam ta ƙaru, bokiti biyu ya zama uku. Na rage wuta zuwa hamsin da biyar don in sassauta wa ƙarfen, na matse famfon kowane ɗaki na tura ɗumin duka ɗakin ƙarshe. Hajiya da yara suka koma bargo biyu-biyu, ana ta ƙorafi wai Lawali ya manta aikinsa. Tsoro bai sake barina ba. Kowace safiya in na sauka matakalar nan uku, sai na tsaya na saurara kafin in buɗe ƙofa.

Wata Talata ce cikin Janairu, da hantsi, ina tsugune ina share bakin kasko. Ba ta yi wata ƙara ba. Ƙas, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Ruwa ya tsiyayo cikin wuta, tururi da warin mazut suka cika ɗakin, allurar ruwa ta sauko a hankali har ta kwanta. Na rufe mai na zauna a kan matakala.

Ban sallama nan take ba. Yanki na huɗu ne ya tsage, na tsakiya, inda wuta ta fi ci. Akan cire yanki ɗaya a haɗe sauran, tukunya ta rage ƙarfi amma ta rayu. Na kira wani maƙerin Buzu, muka yi yini biyu muna kwance ta. Da yankin ya rabu na leƙa ciki. Hanyar ruwan da ya kamata hannu ya shiga, ko ɗan yatsa ba ya shiga, dutse ne fari fat. Na uku da na biyar duk haka. Muka jera shidan muka fara ɗaurewa, na biyar ya buɗe daga sama har ƙasa. Maƙerin ya tattara kayansa ya ce, "Wannan gawa ne, aboki."

Aka shigar wa Malam da kaskon garwashi. In an rufe taga hayaƙi ya shaƙe shi, in an buɗe sanyi ya shigo. Na riƙa gasa duwatsu ina naɗewa a tsumma ina jera masa a gefe, kafin a jima sun huce. Kwana huɗu tari ya zama zazzaɓi. Da ya kwanta, lalurar da muka ɓoye sai aka ɗauke ta a ta ciwon ajali, ba wanda ya san ta daɗe. Ni na karɓi wankinsa, ba wanda ya hana ni.

Ran tara da mutuwar tukunya na shiga da la'asar ya yafito ni. Muryar ta shige ciki, sai da na kai kunne.

"Lawali, ni na kashe ta, ko?"

"Ruwa ne, Baba."

"Kada ka yi wa mai tahiya ƙarya." Ya huta. "Isufu zai tuhume ka. In ya yi, gaya mishi. Na kwance maka alkawarin."

Ya rasu ran sha ɗaya, bayan azahar.

Rana ta uku ta zaman makoki, tsakar gidan cike da 'yan kasuwar Nijar da malamai, har da Larabawan nan biyu masu sauran tukwanen. Na durƙusa na yi gaisuwa. Alhaji bai amsa ba. Idonsa ya yi ja, carbin tsohon na hannunsa. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Nasara ya riƙe ta shekara goma ba ta yi ko tari ba. Na ba ɗan garinmu, na ce mishi tsohona ne. Sanyi biyu." Ya ɗaga yatsu biyu. "Lawali, gaya mini a gaban mutane, mi ka yi mata?"

Izini na hannuna, mamacin da kansa ya ba ni, kalma goma ta isa ta wanke ni. Amma sai in faɗa a gaban malaman da suka yi salla a bayansa cewa limaminsu ya shekara biyu yana wankin wando a ɓoye. Sai in gaya wa ɗan da ke riƙe da carbin nan cewa ubansa ya zauna a jiƙe cikin gidansa bai sani ba, kuma tsohon da hannunsa ya kashe abin da ke raya shi. Na dubi ƙasa.

"Sakacina ne, Alhaji. Ka yahe mini."

"Allah ya yahe mana," in ji shi, ya juya ga na kusa da shi.

Kafin mako ya zagayo Larabawan biyu suka aiko a karɓi mabuɗan ɗakunan tukwanensu. Ban yi musu ba. Na ji baƙin cikin da ban ji irinsa ba ko ranar da ubana ya rasu, don sana'ar nan ita kaɗai na iya fiye da kowa, kuma na san ba zan sake riƙe ta ba. Na koma dako a bakin dowan, wato kwastan, daga baya na buɗe wannan 'yar maƙerar. Alhaji Isufu ya ƙara shekara goma sha tara a duniya. Masallaci ɗaya muke salla ran Juma'a, in idonmu ya haɗu ya kau da kai, bai sake kiran sunana ba har aka binne shi. Sau da yawa na kama hanyar shagonsa da maganar a bakina, in kai kwanar masu dabino in juyo.

Ku ne na farko da na gaya wa. Duk wanda zai ji kunyar maganar ya riga ya mutu, saura ni.